In batirin rimot ko na mota ya mutu mota ta ƙi buɗuwa, ga yadda za ka yi

Don Allah jama'a a daina fasa gilas ko zungurar ƙofa da waya, akwai mafita.

Da farko duba jikin rimot ɗin, akwai ɗan maɓalli a gefe ko ta baya, danna ka zaro, makullin ƙarfe ne ɓoye a ciki. Sai ka je ƙofar direba, in baka ga ramin makulli ba to yana ƙarƙashin murfin nan na hannun ƙofar, sa bakin makullin ta ƙasa ka ɓanɓaro a hankali kar ka karce fenti. In ta fara jiniya kar hankalinka ya tashi.

Mai tashi da maɓalli ce? Manna rimot ɗin jikin maɓallin, taka birki ka danna. In kuma ko fitila ɗaya bata kawo ba to batirin motar ne, buɗe bonet a haɗa maka waya da wata motar, ja a kan fulos (inda alamar + take a batirin), baƙi jikin ƙarfen inji.

Batirin rimot yawanci CR2032 ne, akwai shi a kasuwannin Sabon Gari da Ƙofar Ruwa a Kano, sayi biyu ka ajiye ɗaya a gida, ba cikin motar ba.