Kurakuran da 'yan rawar zamani ke ta maimaitawa a rezidans

Na gaji da faɗa a fada wajen shan shayi, shi ya sa na rubuta. Shekara da shekaru ina ganin ƙannenmu masu rawar zamani a nan Damagaram suna samun rezidans, wato a ba su wuri da sati biyu ko uku su zauna da wasu su ƙirƙiri sabon wasa, amma su tashi hannu rabbana. Kuma ramin da na jiya ya faɗa, shi na yau ke faɗawa.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne fara aiki ba a yi maganar wa ke da me ba. Ni ya ci da kaina. Wata shekara wani baƙo mai tsara rawa ya sauka nan, muka yi sati uku tare. Ni na nuna masa takun 'yan tauri, ni na kai shi Birni ya ga tsayuwar masu algaita a ƙofar fadar Sarki, ni na zauna na rage wa takun nan sauri har ya koma wani abu dabam. Kunya ta hana ni tambaya, ai baƙo ne, kwano ɗaya muke ci. Bayan wata takwas sai ga hoton wasan a Facebook, an nuna shi a wata ƙasa. Sunansa da manyan baƙaƙe, nawa ko a gindin takarda babu. Da na kira shi, wai ai musaya muka yi. Musayar me? Abin da na tashi da shi riga ce mai tambari, ita ma ta koɗe.

Tun ranar ba na cire takalmi sai an rubuta. Ba sai an nemo lauya ba, takarda ɗaya ta isa: sunan wa zai fito a matsayin mai tsarawa, wa ke da izinin nuna wasan bayan an watse, nawa ne kuɗin abinci na kullum, nawa ne ladan aiki, bidiyo yana hannun wa. Kowa ya sa hannu, kowa ya ɗauki hotonta a waya. An ce ina da tsaurin ido. Na ji, kunyar mara kunya asara ce.

Sai masu zuwa da rawa dafaffiya. Yaro ya kwana a YouTube ya haddace birgimar Turawa a ƙasa, ranar farko ya zube mana ita, sauran kwanakin yana gadinta kada a taɓa. To me ka zo nema? Germaine Acogny da ta kafa makarantar rawa ta École des Sables a Toubab Dialaw ta Senegal a 1998, a kan yashi take sa ɗalibai rawa, kuma daga raye-rayen gida ta gina salonta. Salia Sanou da Seydou Boro sun buɗe La Termitière a Wagadugu a 2006 don masu rawa su sami inda za su yi ta gwaji suna rushewa. Ni a satin farko ba na barin a haɗa komai. Kowa ya kawo motsi uku daga unguwarsu: yadda uwarsa ke ɗaga taɓarya, yadda ɗan ga-ruwa ke karkata kafaɗa, yadda majemi ke sunkuyawa kan fata. Daga nan ake tono.

Kuma don Allah ku daina mayar da makaɗi kaset. A gabana wani yaro ya tsaya kan dattijo mai kalangu yana ƙirga masa an, de, turwa har takwas. Tsohon ya sauke kalangun daga hammata, ya dube shi ya ce: "Yaro, kalangu magana yake yi, kai kuma lissafi kake." Sai da na bi shi har bakin ƙofa ina "Baba, a yi haƙuri" kafin ya dawo. Makaɗi ya shigo tun ranar farko, a saurare shi kafin a motsa, a biya shi daidai da kowa, sunansa ya hau takarda.

Sauran ƙanana ne. Kada ku yi tsalle kan siminti tsirara, gwiwa ba ta da safaya; in babu shimfiɗar roba, yashin tsakar gida ya fi. A Afrilu zafi kan wuce digiri 40, don haka ni daga asuba nake farawa, kafin ƙarfe 11 an tashi. Ku duba kalanda kada aikin ya faɗa cikin azumi. Takun bori ba a ɗaukarsa sai an tambayi masu shi. Waya ta zauna cikin jaka, mutum ɗaya ya ɗauki bidiyo. In an gayyace ku Yamai, ku tuna tafiyar ta kusa kilomita 900, kada ku sauka daga mota da safe ku ce za ku yi rawa da hantsi.

Nunin ranar ƙarshe kuwa, minti 15 na abin da kuka samu ya wadatar. Ku tanadi fitila mai caji biyu da makaɗi a kusa, don ni sau biyu wuta na ɗauke mini ana tsakiyar wasa.