Kurakuran da ke raba mutum da faifan kwamfutarsa har abada

Idan ka manta kalmar sirrin Facebook, lamba za a turo maka ta waya ka sauya wata. Faifan kwamfutar da aka kulle da BitLocker na Windows, ko FileVault na Mac, ko LUKS na Linux, ba haka yake ba. Duk abin da ke cikinsa an hargitsa shi da lissafi, kalmarka ce kawai ke warware shi. In ta ɓace kuma ba ka da mabuɗin ceto, wato doguwar lambar da ke buɗe faifan a madadin kalmar, ko kamfanin da ya ƙera na'urar ba shi da yadda zai yi. A 2021 jaridar New York Times ta ba da labarin Stefan Thomas, masanin kwamfuta da ya ɓatar da takardar da ya rubuta kalmar sirrin filashinsa samfurin IronKey. A ciki akwai mabuɗin da ke buɗe asusunsa mai bitcoin 7,002. Gwaji goma kawai na'urar take yarda da shi, ya riga ya ƙona takwas.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum bai ma san faifansa a kulle yake ba. Kwamfutoci da yawa masu Windows 11 suna kunna kullewar da kansu da zarar ka shiga da asusun Microsoft. Shekara da shekaru kana aiki lafiya, sai ranar da mai gyara ya sauya maka babban allon cikin na'urar, ko aka sabunta BIOS (ƙaramar manhajar da ke tayar da kwamfuta), shuɗin allo ya fito yana neman mabuɗin ceto mai lambobi 48. Haka ya faru da ma'aikatu da dama a watan Yulin 2024, lokacin da matsalar manhajar tsaro ta kamfanin CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutoci kusan miliyan 8.5: gyaran ba wuya, amma in faifan a kulle yake sai da mabuɗin BitLocker, wasu kuwa nasu yana cikin na'urorin da suka mutu. Ka shiga asusunka na Microsoft yau, ka nemo mabuɗin, ka rubuta shi a takarda. In kuma wani ɗan'uwa ne ko mai shago ya saita maka kwamfutar da asusunsa, to mabuɗinka yana hannunsa, ka karɓo tun kuna ga juna.

Na biyu ya fi ba ni takaici, domin masu hankali ne ke faɗa masa. Mutum ya yi ƙoƙari ya adana mabuɗin, amma a cikin kwamfutar da mabuɗin zai buɗe. Kamar ka kulle ɗaki ne makullin yana kan gado. Manhajar ajiyar kalmomin sirri irin su KeePassXC ko Bitwarden abu ne mai kyau, sai dai dole ka iya kaiwa gare ta daga wata na'ura. Rubutawa a takarda ba laifi ba ne. Laifin shi ne manna ta a ƙarƙashin kwamfutar ko jefa ta cikin jakarta. Ka yi kwafi biyu, ɗaya inda kake ajiye takardun gida, ɗaya wurin wanda ka amince da shi. Wannan na biyun zai amfani iyalinka idan ta Allah ta kasance.

Sai zaɓen kalmar kanta. Sunan ɗa da shekarar haihuwa ba ya tsare komai, domin ɓarawon da faifan ke hannunsa yana da lokacin gwada miliyoyi. Tarkacen alamomin da kai ma ba za ka riƙe ba, su ma tarko ne. Kalmomi shida da ba su da alaƙa da juna, waɗanda aka zaɓo da ƙuri'a kamar yadda tsarin Diceware ya tanada tun 1995, sun fi ƙarfi kuma sun fi zama a ka. Kada ka ɗauko karin magana ko baitin waƙa, an san su.

Akwai wani tarko da ya shafe mu musamman: haruffa masu lanƙwasa. A lokacin da kwamfuta ke neman kalmar, tsarin rubutun Hausa bai tashi ba tukuna, sau da yawa na Amurka ne ke aiki. Ka sa ƙ ko ɗ ko ɓ, ƙila ba za ka iya buga su ba. Masu allon rubutun Faransanci a Nijar su lura sosai, domin haruffan a da q suna musayar wuri, haka z da w, lambobi ma ba ɗaya ake buga su ba.

Kai kuma yakan manta abin da hannu ya daina bugawa. Wanda kullum rufe murfin kwamfuta kawai yake yi, zai iya wata uku bai buga kalmar ba. A makon farko ka riƙa kashe na'urar gaba ɗaya kowace rana, bayan nan sau ɗaya a mako. Masu LUKS su ƙara kalma ta biyu a wani gurbin, su kuma kwafe kan faifan, wato sashen da ke riƙe bayanan kullewar, da umarnin luksHeaderBackup, domin in wurin nan ya lalace, kalmar da take daidai ma ba za ta buɗe komai ba.