Yadda Ake Amsa Hujjar Masu Adawa a Cikin Muƙala

Ɗaliban sakandare na unguwannin Aboabo da Asawase a Kumasi da ke shirin WASSCE, jarrabawar kammala sakandare, sun san tambayar mahawara a takardar Turanci: a ba ka batu, a ce ka goyi baya ko ka soka, cikin kalmomi aƙalla 450. Da yawa sukan jero hujjojinsu huɗu su rufe, kamar babu mai wani ra'ayi daban. Mai karatu kuwa yana riƙe da tasa "amma" a zuci, kuma muddin ba ka taɓo ta ba, ba ka shawo kansa ba.

Mu ɗauki batun da kowa a Kumasi ya sani, wato karatun babbar sakandare kyauta da gwamnatin Ghana ta fara a Satumba 2017. A ce kana goyon bayan a ci gaba da shi ga kowa da kowa.

Kafin ka soma, rubuta a gefe hujjoji uku da mai adawa zai kawo, ka zaɓi wadda ta fi nauyi. A nan ake yawan yin son rai. Ɗalibi sai ya ɗauko mai rauni, irin "abin kyauta ba shi da daraja", ya rushe ta da jimla ɗaya, ya ɗauka ya yi nasara. Mai karatu ya san ba ita ce damuwar jama'a ba. Damuwarsu ita ce cunkoso: ɗalibai sun yi yawa har a 2018 aka raba su kashi biyu, wasu na makaranta wasu na gida. Suna kuma cewa gwamnati na biya wa 'ya'yan masu hali abin da iyayensu za su iya biya. In da hali, je ka ji daga bakin mai wannan ra'ayi, waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Ka rubuta ta yadda in ya karanta zai ce, "Haka nake nufi."

Sakin layin amsa masu adawa yana da gaɓa uku: ka faɗi hujjarsu, ka amince da gaskiyar da ke cikinta, sannan ka amsa. Ga misali:

"Masu suka suna cewa tsarin ya cika makarantu maƙil, kuma bai kamata a biya wa ɗan attajiri ba. Gaskiya ne azuzuwa da ɗakunan kwana sun yi kaɗan. Sai dai cunkoson kansa shaida ne cewa a da akwai yaran da rashin kuɗi ya zaunar a gida, maganinsa kuwa ƙarin gini ne. Batun ware masu hali kuma, da me za a auna? 'Yar kasuwar Kejetia ko mai sayar da koko da ƙosai ba su da takardar albashi, kuma da an fara tantancewa, su ne za su fara faɗowa."

Lura da tsawo: jimla ɗaya ta hujjarsu, ɗaya ta amincewa, sauran duk amsa. In amincewar ta fi amsar tsawo, ka yi wa abokin hamayya aiki. A muƙala mai kalma 450, kalma 80 zuwa 100 sun isa, a sa su bayan hujjojinka, dab da kammalawa. In kuwa wasiƙa ce zuwa ga wanda ka san yana adawa, kamar ɗan majalisar unguwa ko sarkin zango, fara da damuwarsa, in ba haka ba, ba zai kai ga taka ba.

Kalmomin juyi su ne ke nuna wa mai karatu inda muryar wani ta ƙare taka ta fara: "wasu na ganin", "ba shakka", "sai dai", "duk da haka". In aka manta da "sai dai", mai duba takarda zai zaci ka sauya sheƙa a tsakiyar rubutu.

Guji zagi. Kiran masu adawa jahilai ko 'yan siyasa bai amsa komai ba, ga shi wataƙila mai karatun ma yana cikinsu. In kuma ka ga hujjarsu ta fi ƙarfin amsarka, kada ka ɓoye ta. Rage faɗin da'awarka: maimakon "tsarin ba shi da aibi", ka ce "amfaninsa ya fi aibinsa", sannan ka koma sakin layi na farko ka gyara shi ya dace da wannan matsayi.