Daga ɗalibi zuwa matuƙin jirgin fasinja: matakai da lokacin da suke ci

Kafin a biya ko kwabo a makarantar koyon tuƙin jirgin sama, a fara yin gwajin lafiya mai daraja ta ɗaya wurin likitan da hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, wato NCAA, ta amince da shi. Ana duba zuciya, hawan jini, ji da gani. Sa tabarau ba ya hana mutum tuƙi, amma kasa bambanta ja da kore, ko farfaɗiya, na iya rufe ƙofar gaba ɗaya. Abin takaici ne iyali su sayar da gona su kai yaro makaranta, sai daga baya likita ya ce ba zai yiwu ba.

A Najeriya, makarantun da aka fi sani su ne Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, da kwalejin Ilorin. Ana neman kiredit biyar a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci, lissafi da fiziks. Wasu kan tafi Afirka ta Kudu ko Amurka, amma in sun dawo sai NCAA ta sauya musu lasisin zuwa nata.

Lasisin farko shi ne PPL, na tuƙi don kanka, ba don albashi ba. Sai mai shekara 17, da awa 40 a sama aƙalla, kodayake yawancin ɗalibai kan zarce haka. Ana koyo da ƙananan jirage masu inji ɗaya irin su Cessna 172 ko Diamond DA40, a haɗa da karatun aji: dokokin sama, yanayi, gano hanya, aikin inji da magana a rediyo. Bayan awa 10 zuwa 20 malami zai sauka ya bar ɗalibi ya tashi shi kaɗai. In ana tashi a kai a kai, wata uku zuwa shida sun isa.

Daga nan sai CPL, lasisin da ke halatta karɓar albashi. Shekara 18, awa 200, ko 150 idan cikin kwas ne da hukuma ta amince da shi daga farko har ƙarshe. Cikin awoyin akwai tashin dare da doguwar tafiya ta kilomita 540 inda za ka sauka a filaye biyu daban. Kamfanin jiragen fasinja ba zai dube ka ba sai ka ƙara da shaidar tuƙa jirgi mai inji biyu, da shaidar tuƙi da na'urori zalla, wato iya bi ta cikin gajimare ba ka ganin ƙasa, wadda ke buƙatar awa 40. Sai kuma gwajin Turancin rediyo, mataki na 4 aƙalla.

A takarda duk wannan wata 18 ne zuwa shekara biyu. A zahiri yakan kai shekara uku, kuma dalilan sanannu ne. Hazon hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu yakan rage nisan gani har a hana ɗalibai tashi kwana da kwanaki. Da damina hadari ne. Ga ƙarancin man ƙananan jirage, ga jirgi ɗaya ɗalibai da yawa na layi. Mafi muni shi ne kuɗi ya ƙare a tsakiya. Wanda ya yi wata biyu bai tashi ba hannunsa ya yi sanyi, musamman wajen sauka, dole ya sake biyan awoyin da ya riga ya yi. Shi ya sa ya fi kyau a tanadi kuɗin mataki guda cif kafin a fara shi. Kafin ka zaɓi makaranta kuwa, ka tambaya: jirage nawa ne ke tashi yanzu, ba waɗanda ke ajiye ba, kuma ɗalibai nawa ne ke kansu?

Samun CPL ba samun aiki ba ne, nan ne da yawa kan maƙale. Kowane babban jirgi, Boeing 737 ko Embraer ko ATR, yana da nasa horon na mako huɗu zuwa takwas, yawanci a na'urar kwaikwayon tuƙi, kuma da dala ake biya. Kada ka biya wa kanka horon wani jirgi sai ka tabbata akwai kamfanin da ke ɗaukar sabbi a kansa, domin shaidar tana ƙarewa in ba a sabunta ba. Masu jiran aiki da dama kan zama malaman tuƙi su riƙa tara awoyi.

In an ɗauke ka, za ka fara a kujerar dama a matsayin mataimaki, ƙarƙashin kyaftin mai horarwa. Lasisin ATPL, wanda sai da shi ake zama kyaftin, yana buƙatar shekara 21 da awa 1,500, ciki har da 100 na dare. Tara su kan ci shekara biyu zuwa uku a kamfanin da ke tashi kullum, kuma kamfanoni kan nemi fiye da haka kafin su ba da kujerar hagu. Bayan nan ma gwajin lafiya duk shekara ne (duk wata shida in an kai shekara 60), na na'urar kwaikwayo duk wata shida, har zuwa shekara 65.