Kurakuran da ke korar masu kula da naƙasassu da tsofaffi daga aiki

Kusan duk kamfani ko ƙungiyar da ke tura ma'aikata gida-gida su kula da naƙasassu da tsofaffi kukansu ɗaya ne: ma'aikata sun yi ƙaranci. Sai a ƙara talla, a ƙara kiran intabiyu. Kuskuren farko ke nan, don ba a tsaya an ƙirga masu fita ba. A Amurka, binciken National Core Indicators ya nuna a 'yan shekarun nan cewa wajen kashi 40 cikin ɗari na masu kula da masu naƙasar ƙwaƙwalwa ke barin aiki a shekara guda, da yawansu ma kafin su cika wata shida. Ɗaukar sababbi a wannan hali zuba ruwa ne a kwando.

Maganar kuɗi ita ce babba, kuma ba ta tsaya ga abin da ake biya a kowace awa ba. Ma'aikaciya ta yi wa dattijo wanka da ƙarfe bakwai, ta ba shi magani, ta kama hanya rabin awa zuwa gida na biyu, ta zauna a mota tana jiran lokacin na uku ya yi. Da yamma ta yi awa goma a waje, amma shida aka rubuta mata, man motar ma daga aljihunta. Wannan zalunci ne, ko da wane suna aka kira shi. A Birtaniya dokar mafi ƙarancin albashi ta ɗauki tafiya tsakanin gida da gida a matsayin lokacin aiki. A biya wannan lokacin, a biya kuɗin mai, a kuma tsara ziyarori a unguwanni masu kusa da juna.

Wani kuskuren shi ne a ba sabon shiga garaɓasa don ya sa hannu, alhali wadda ta shekara biyar tana karɓar daidai da shi. Ranar da ta ji labari za ta fara neman wani wurin, kuma tana da gaskiya. A yi matakan albashi da ke hawa da shekaru da kuma horon da mutum ya kammala. Gaskiya ne masu ɗaukar aikin ba su da cikakken iko a nan, don a Amurka yawancin kuɗin daga Medicaid, shirin gwamnati na biya wa masu ƙaramin ƙarfi kuɗin kula da lafiya, yake fitowa, kuma jihohi ke yanke farashi. A 2024 gwamnatin tarayyar Amurka ta fitar da ƙa'idar cewa kashi 80 na kuɗin wasu ayyukan kulawa a gida ya tafi ga ladan ma'aikata, ta ba jihohi shekara shida su cika. Sai dai yadda za a raba abin da ya shigo hannu yana wuyan mai kamfani.

Ɓoye wahalar aikin a intabiyu shi ma yana kora. Idan akwai canza wa babban mutum ƙunzugu, ko ɗaga shi daga gado, ko zama da mai farfaɗiya, a faɗa tun farko. A bar mai nema ya bi tsohon ma'aikaci yini guda ya gani da idonsa, kuma kada a tura shi gida shi kaɗai a makon farko.

Abin da aka fi mantawa shi ne wanda ake kula da shin. Saurayin da ba ya magana, wanda mai kula da shi ta gane cewa in ya fara murza kunne ciwo yake ji, duk sabuwar fuska asara ce gare shi, kuma wannan sanin ba ya cikin fayil. Saboda haka a daina sauya wa mutane gidaje don cike gurbi. A fitar da jadawalin aiki aƙalla mako biyu kafin lokaci, a sa mai duba aiki da zai ɗaga waya in an kira shi cikin dare, a kuma riƙa tambayar waɗanda suka daɗe abin da ke damunsu tun ba su kawo takardar ajiye aiki ba.