Yadda Ake Auna Ƙarfin Kai Hari Na 'Yan Bayan Wasan Hoki Na Ƙanƙara

Masu kallon ƙwallo a gidajen kallo na Gusau da Birnin Kebbi sun saba da gardama kan ɗan bayan da ya fi iya hawa gaba, kuma wanda ya fara bibiyar gasar hoki ta NHL a wayarsa zai tarar da irin wannan gardama a Amurka da Kanada. Kowace ƙungiya tana sa 'yan baya biyu a kan ƙanƙara, kuma ana ba ɗan wasa maki ɗaya idan ya ci, ɗaya kuma idan ya taimaka aka ci.

Kada ka tsaya a jimillar maki. Fara da raba makin da mintunan da ɗan wasa ya yi a fili, domin wasan minti 60 ne, amma 'yan wasa suna shiga suna fita, har manyan 'yan baya ba su cika wuce minti 25 ba. Wanda ya tara maki 50 a minti 19 kowane wasa yana iya fin mai maki 60 a minti 25.

Daga nan sai ka ware makin da aka samu lokacin da aka fitar da ɗan abokan hamayya na minti biyu saboda laifi, aka koma 'yan wasa biyar da huɗu, ban da masu tsaron gida. Mai horarwa yakan ba ɗan baya ɗaya ne wannan dama mafi tsoka, don haka makinsa kan kumbura. A ganina, makin da aka samu ana biyar da biyar su ne shaidar gaskiya. Ka duba kuma irin taimakon, tun da ana iya rubuta wa mutum biyu taimako a ci guda; wanda ya miƙa wa mai ci kai tsaye ya fi nauyi.

Batun abokan wasa da zamani shi ne inda aka fi yin kuskure. Paul Coffey ya ci 48 a kakar 1985-86 a Edmonton, adadin da wani ɗan baya bai taɓa kamowa ba, amma yana tare da ɗan gaba Wayne Gretzky, wanda ya tara maki 215 a kakar, a lokacin da ake cin kusan 8 a kowane wasa. Nicklas Lidström na Detroit ya yi yawancin shekarunsa ne a zamanin da cin bai kai 6 ba, shi ya sa makinsa 80 na kakar 2005-06 ba abin rainawa ba ne. Erik Karlsson kuwa ya tara 101 a 2022-23 a San Jose, ƙungiyar da ke can ƙasan teburi, kuma shi ne ɗan baya na farko da ya kai 100 tun bayan Brian Leetch a 1992. Wannan, a wurina, ya fi maki masu yawa da aka tara a inuwar taurari. Bobby Orr na Boston dai shi ne a saman duk 'yan baya da maki 139 a 1970-71.

Idan za ka kwatanta na yanzu, irin su Cale Makar da Quinn Hughes, haɗa aƙalla kaka uku, sannan ka kalli wasansu da idonka: wa ke fito da faifan robar da ake bugawa a madadin ƙwallo daga gidansu ya tsallake da shi layin abokan hamayya ba tare da an ƙwace ba? Teburin maki ba ya nuna wannan.