Yadda nake auna wa Inna hawan jini a gida

Tun da likita ya ce Inna tana da hawan jini, ni nake auna ta safe da dare, kuma na daɗe ina yi ba daidai ba: tana kan tabarma, hannu a cinya, muna ta hira.

A 2024 masu bincike a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka sun gwada mutum 133. Idan hannu yana kan cinya, lambar sama, wato ta farko cikin lambobi biyun da na'urar awo ke nunawa, tana ƙaruwa da kusan 4 a kan yadda take in hannu yana kan tebur. Idan aka sake shi yana reto a gefe, fiye da 6. Wannan kaɗai ya isa a ƙara wa mutum magani ba gaira ba dalili.

Yanzu rabin awa kafin awo babu shayi, babu goro. Goron nan ne muka fi kai ruwa rana a kansa. Ta fara kewayawa tukuna, sannan ta zauna minti 5 a kujera mai majingina, ƙafafu a ƙasa ba a harɗe ba. Hannu a kan tebur, maɗaurin na'urar a damtse, daidai saitin zuciya, a kan fata ba kan riga ba.

"Inna, a ɗan yi shiru," nakan ce. Ta harare ni, ta yi.

Sau biyu nake aunawa, minti ɗaya tsakani, in rubuta a littafin da muke kai wa likita. In awon ya haura 180/120 tare da ciwon ƙirji, sarƙewar numfashi ko karkacewar baki, kada ku jira wayewar gari, ku nufi asibiti.